Injina ya gaji: akwai kwalbar da za ta dawo masa da ƙarfinsa?

Mai Tsohuwar Mota:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan inji. Motata ƙirar 2005 ce, silinda huɗu, mai fetur, giyar hannu, kuma ta haura kilomita 310,000. Tun da na saye ta ba a taɓa sauke injinta ba. To wajen shekara guda ke nan na lura ta fara nauyi. Hawan da nake cinyewa da giya huɗu a da, yanzu sai na dawo uku, idan na ɗauki mutane ma har biyu. Ka taka totur har ƙasa, sai ka ji kamar wani ya riƙe ta ta baya. Baƙin mai kuwa tana shan kusan lita ɗaya a kowane kilomita 1,500, kuma idan na ta da ita da safe takan busa shuɗin hayaƙi kaɗan.

An nuna mini wata kwalba da ake tuttulawa cikin baƙin mai. A jikinta an rubuta cewa tana cike zaizayar silinda, ta dawo da matsi, inji ya koma kamar sabo. Gaskiya ba ni da halin sauke inji yanzu. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini tsakani da Allah, tana aiki ko asarar kuɗi ce?

Direban Dogon Zango:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa zuba kawai, kada ka tsaya dogon nazari. Shekara shida ke nan ina zuba mai kaurin nan duk lokacin juye. Kafin na fara, injina kamar ana kaɗa gwangwani, hayaƙi kuwa na bayana har fitila suke kunna mini. Ina zubawa ƙarar ta kwanta, hayaƙin ya ragu. Gani ya kori ji.

Tsohon Bakanike:
Yaro, dakata da kwalbar nan tukuna. Amsa mini waɗannan. Idan ka taka a kan hawa, allurar juyin inji tana tashi mota ba ta ƙara gudu, ko ita ma allurar ta ƙi tashi? Yaushe rabonka da sauya fulogi da matatar iska da matatar fetur? Fitilar inji tana kunne a dashbod? Sannan bayan tafiya mai ɗan nisa, ka taɓa kai hannu kusa da rim ɗin tayoyi ka ji ko akwai wanda ya fi sauran zafi?

Mai Tsohuwar Mota:
Baba, allurar ma ba ta tashi, tana kaiwa wajen 3,500 sai ta cije. Fulogi bara na sauya. Matatar iska hure ta ake yi duk sabis. Fitilar inji kam ta fi shekara a kunne, har na daina ganinta. Tayoyin ban taɓa dubawa ba.

Tsohon Bakanike:
To alhamdu lillahi, ba kuloci ba ne ke nan, don kulocin da ya cinye allura ce take tashi mota tana tsaye. Amma ka ji abin da ka faɗa da bakinka: mota ta fi shekara tana yi maka magana da fitila, ka yi mata kunnen ƙashi, yanzu kuma kana so ka ɗura mata magani ba ka san ciwonta ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in faɗa maka yadda nake kallon abin bayan shekarun da na yi hannuna cikin baƙin mai. Ƙarfin inji abu huɗu ne suke haɗa shi: iska ta shiga isasshiya, fetur ya zo daidai, fistan ya matse su ba tare da sun zurare ba, wuta ta kama a kan lokacinta. Ka ƙara na biyar da mutane suke mantawa, hayaƙi ya sami hanyar fita. Baƙin mai a guda ɗaya kawai yake da ɗan hannu, wato matsi. Sauran huɗun ko ka zuba kwalba goma ba ta san inda suke ba. Kuma a cikin motocin da ake kawo mini da kukan sun rasa ƙarfi, waɗanda matsi ne ainihin ciwonsu ba su ne suka fi yawa ba.

Direban Dogon Zango:
Baba da girmanka, amma ku kanikawa dole ku kushe ta mana. Idan kowa ya zuba kwalba ya wuce, wa zai kawo muku sauke inji?

Tsohon Bakanike:
Ka ba ni dariya. Ai da don cinikina nake magana, cewa zan yi kowa ya zuba, don masu zubawar su ne suke dawo mini da aiki mai tsoka.

Ɗan Koyo:
Oga ni ban gane wani abu ba. Idan ba ta aiki, me ya sa ƙarar injin Direba ta kwanta? Ai ba ƙarya zai yi ba.

Malamar Sinadarai:
Ba ƙarya ya yi ba, ƙanena, abin da ya ji gaskiya ne. Fassarar da ya yi wa abin ce ake jayayya a kai. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don kwalaben nan ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su a kwando ɗaya shi yake kawo musu.

Da farko, baƙin man da kake saya ba mai ne zalla ba. Wani kaso mai yawa na abin da yake cikin galan ɗin sinadarai ne da aka riga aka auna aka haɗa: mai wanke datti, mai riƙe dattin ya yi ta yawo cikin mai har matata ta kama shi, mai hana tsatsa, mai hana kumfa, mai hana man tsinkewa idan ya yi zafi, da mai hana ƙarfe cin ƙarfe. Wannan na ƙarshen shi ne ZDDP, haɗin zinki da fosfaras, tun shekarun 1940 ake amfani da shi. Dukansu gasa suke yi a kan fuskar ƙarfe ɗaya. Ka ƙara wani da ka, sai ya ture wani. Shi ya sa littafin yawancin motoci yake cewa kada a ƙara komai a mai.

Irin wadda Direba yake zubawa, mai kauri kamar zuma, mai ne mai nauyi da sinadarin ƙara kauri. Tana mayar da manka mai lambar kauri 5W-30 ya doshi mai lamba 40 ko sama. Mai mai kauri yana cike ratar da ta buɗe tsakanin karanshaf da metal, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, don haka ƙara ta kwanta. Yana wuyar zurarewa ta gefen ringi da sil ɗin bawul, don haka hayaƙi ya ragu. Idan ka auna matsi ma za ka iya ganin ya ɗan ɗaga. Duk wannan gaskiya ne. Amma ranar da aka kwance kusar ƙasa aka juye man, gyaran yana bin sa cikin bokiti. Kuma inji yana kashe ƙarfi wajen juya mai mai kauri, sannan da sanyin safiya man yana daɗewa kafin ya hau saman inji, alhali a waɗannan daƙiƙun ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Iri na biyu masu garin abu a ciki: PTFE, wanda aka fi sani da Teflon, ko garin jan ƙarfe da dalma, da sauransu. Su ne masu alkawarin shafe silinda ko cike zaizaya. Kamfanin DuPont, wanda a ɗakin bincikensa Roy Plunkett ya gano PTFE a 1938, shi da kansa ya fito ya ce Teflon ba shi da amfani a cikin man inji. Ku yi tunani: gari ne mai ƙarfi yana yawo cikin mai, kuma aikin matatar mai shi ne kama duk wani gari.

Na uku masu rage gogayya, irin su molibdinam, MoS2, wanda kamfanin Liqui Moly na Jamus ya yi suna da shi tun kafuwarsa a 1957. Wannan sinadari ne na gaske, kuma mayuka da yawa na zamani suna da wani nau'in molibdinam a cikinsu tun daga masana'anta. Yana rage gogayya kaɗan. Kaɗan ɗin nan ba shi ne zai mayar da kai giya huɗu a kan hawa ba. Masu babur kuma su yi hattara, idan kulocinsu cikin mai yake wanka, irin wannan yana sa shi santsi, dalilin da ya sa Japan ta fito da ma'aunin man babur na JASO MA ke nan.

Akwai kuma masu kulorin, waɗanda ake nuna bajintarsu a talla da ƙarfe biyu suna gugar juna a kan tebur. A wannan gwajin suna burgewa ƙwarai. A cikin inji mai zafi da danshi kuwa suna iya rikiɗewa su zama asid.

Direban Dogon Zango:
Malama duk na ji turancin. To idan yaudara ce, ya aka yi hukuma ta bar su suna sayarwa shekara da shekaru a duk duniya?

Malamar Sinadarai:
Sayarwa ba laifi ba ce, Malam, alkawarin da ba a iya tabbatarwa shi ne laifi, kuma an sha kama su a kai. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci kamfanin STP, mai yin irin waɗannan kwalabe, tarar dala 500,000 a 1978 kan tallan da ba shi da hujja. A 1997 masu Slick 50, mai PTFE ɗin nan, sun yi sulhu da hukumar suka amince su daina iƙirarin da ba su da shaidarsa. Dura Lube sun biya dala miliyan 2 a 2000, masu zMax kuma dala miliyan 1 a 2003. Ka lura, ba a ce kowace kwalba guba ce ba. Cewa aka yi ku kawo hujjar abin da kuka rubuta a jiki, sai aka shiga kame-kame.

Mai Wayarin:
Ni abin da ya tsaya mini a rai allurar da take cijewa a 3,500. Injin da ringinsa ya gaji yana hawa juyi lafiya lau, ƙarfi ne kawai babu. Wanda ya cije ya ƙi hawa, ko dai an shaƙe masa hanci, ko an toshe masa baya, ko fetur ba ya isa. Motar da take shan lita guda a kilomita 1,500 kuwa, ina man yake zuwa? Ƙonewa yake yi ya bi salansa, tokarsa da fosfaras ɗin da Malama ta ambata su liƙe a cikin katalis, wato na'urar tace hayaƙi da take kan hanyar salansa. Katalis kamar saƙar zuma yake, ƙananan ramuka ne jere. Suna toshewa sannu a hankali, shi ya sa mai mota ba ya iya cewa ga ranar da abin ya fara.

Gwajin ba wuya. A kwance sansar oksijin ta gaba, wadda take kafin katalis, a ɗaura geji a ramin. Idan ka riƙe inji a juyi 2,500 matsin hayaƙin da geji ya nuna ya haura psi 3, an toshe. In babu geji, a bar ramin a buɗe a ɗan zaga da ita gajeren zango. Za ta yi ƙara kamar jirgi, amma in ka ji ta saki jiki, ka kama ɓarawonka. Kada dai a daɗe, hayaƙin da yake fitowa ta nan yana iya ƙona waya.

Kuma don Allah a sa mata kwamfuta a karanta fitilar nan. Matatar iska kuma a daina hurewa a sayi sabuwa. Cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada wannan a 2009: a motocin injakta, toshasshiyar matata ba ta cika ƙara shan mai ba, amma tana rage saurin ɗaukar mota a fili.

Malamar Sinadarai:
Wannan ya tuna mini abin da na tsallake. Akwai kwalaben ƙarin zinki, ana tallarsu da cewa man zamani an rage masa ƙarfi. Rabin gaskiya ne. Tun daga ma'aunin ingancin man inji na API SM na 2004 aka ƙayyade fosfaras a mayuka irin su 5W-30 kada ya wuce kashi 0.08 cikin 100, kuma saboda katalis aka yi haka. Tsofaffin injuna na da can masu kamshaf mai gugar fili suna son zinki da yawa. Amma a ce motar da take ƙona mai, mai katalis, a ƙara mata zinki? Ana magani kai yana kumbura ke nan.

Ɗan Tasi:
Ni dai gargaɗi zan yi, don na ɗanɗana. Ba mai kaurin ba, ɗayan, na wanke inji. Na sayi mota ta hannu, na buɗe murfin mai na ga datti baƙi ƙirin kamar kwalta. Wani ya ce in zuba ruwan wanki in bar ta a silo minti goma sha biyar kafin juye. Na yi. Man da ya fito kuwa har na ji daɗi, na ce yau na yi wa inji wankan tsarki. Kwana uku ina tafe da fasinja sai jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa, kafin in sami wurin tsayawa na ji ƙwas ƙwas daga ƙasa. Da aka sauke kaskon mai, ragar da famfo yake zuƙo mai ta cikinta ta toshe ɗam da ɓarɓashin dattin da ya ɓamɓaro. Na sa yatsa na kankare shi kamar busasshen taɓo. Metal biyu sun tafi, karanshaf sai da aka kai wa masu gurzawa. Garin gyaran gira na rasa ido.

Tsohon Bakanike:
Sannu, Allah ya mayar da alheri. Tsohon datti ba a tashinsa da ƙarfi. Mai mai kyau, juye da wuri sau uku ko huɗu a jere, sabuwar matata kowane karo, shi ne wankin da ba ya kashe inji. In dattin ya yi yawa, a sauke kasko a wanke da hannu.

Yanzu kai mai mota, ga aikin da za ka sa a yi a gabanka, kada a ba ka labari. Inji ya yi zafi, a cire fulogi duka huɗu, a kashe fetur da wuta, a taka totur har ƙasa, a ɗaura gejin matsi a silinda ɗaya bayan ɗaya ana murza makulli. Ka rubuta lambobin da hannunka. Abin da muke nema su yi kusa da juna, kada ratarsu ta wuce kamar kashi 10 cikin 100. Wanda ya yi ƙasa, a zuba masa cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In ya yi tsalle ya hau, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu.

Ka lura da wani abu a nan, kai Ɗan Koyo. Cokalin man nan da muke zubawa don gwaji, shi ne duk sirrin kwalbar Direba. Mu muna yin sa don mu gano ciwo, su suna sayar da shi a matsayin magani.

Ka kuma jera fulogin a kan tsumma yadda ka ciro su, ka dube su.

Direban Dogon Zango:
To Baba, ni da nake neman abin da zan kai gida yau, in ce wa iyali su jira sai na tara kuɗin ringi? Kwalbar ta riƙe ni shekara shida ina aiki. Ko ba ta gyara ba ai ta rufa asiri.

Tsohon Bakanike:
A nan kam ba ni da ja. Injin da ya riga ya gama, mai shi ya san ya gama, yana lallaɓa shi zuwa ranar da zai samu hali, ya zuba mai kauri ban ce ya yi laifi ba. Ni ma na sha ba mutane wannan shawarar. Sai dai na fi son ya sayi mai mai kauri mataki ɗaya kai tsaye, wanda aka haɗa shi daidai tun daga masana'anta, in littafin motar ya yarda da shi, da ya yi ta haɗe-haɗe a bakin titi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira rufin asiri warkewa. Sannan naka injin tsohon yayi ne. Na wannan yaron, in yana da VVT, wato tsarin da yake sauya lokacin buɗewar bawul, matsin mai ne yake juya tayimin ɗinsa ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi da raga siririya. Ka cika masa kauri, tayimin ya riƙa makara, ka ƙara masa nauyin da yake kuka da shi.

Ɗan Koyo:
Man da ake rubuta wa na motoci masu dogon zango fa, shi ma talla ce?

Malamar Sinadarai:
Shi ya fi kwalba hankali nesa ba kusa ba. Galibi ana nufin motar da ta wuce mil 75,000, wajen kilomita 120,000. Yana da sinadarin da yake ɗan tausasa sil ɗin roba da suka bushe su ɗan kumbura, ga ƙarin mai wanki, kuma kaurinsa yana can saman iyakar lambarsa. Yana rage ɗigo da hayaƙin safe idan sil ɗin bushewa suka yi. In sun tsage, sai sabo. Ƙarfin doki kuwa ko su masu yin sa ba shi suke sa a gaba ba.

Malam Direba, ina da roƙo. Yawancinmu ranar juye muke zuba kwalba, ranar da aka sa sabon mai, sabuwar matata, wani lokaci har fulogi. Mota ta yi sauƙi, sai kwalba ta kwashe yabon. Kuma wanda ya fitar da kuɗinsa, ƙafarsa tana son ta ji bambanci. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, giya uku, wani ya riƙe agogo daga 60 zuwa 100, sau uku kafin zubawa, sau uku bayan zubawa, kaya iri ɗaya. Agogo ba ya jin kunyar kowa.

Mai Tsohuwar Mota:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na yi yadda kuka ce, kuma na tsaya a kai da ƙafata.

Matsi: na ɗaya 168, na biyu 165, na uku 128, na huɗu 166. Da aka zuba cokalin mai a na uku sai ya hau 158. Fulogin na uku baƙi ne, da jiƙaƙƙen datti a bakinsa har ya yi ɓawo, sauran ukun ruwan ƙasa-ƙasa. Kwamfuta ta fito da lambobin matsala biyu: P0420, wato katalis ba ya aiki yadda ya kamata, da P0171, wato iska ta fi fetur yawa. Da aka ɗaura geji a ramin sansa, kafin ma a kai 2,500 allura ta wuce psi 6. Aka sauke katalis, na ɗaga shi sama na haska tocila ta ɗaya bakin, ko ɗigon haske bai fito ba. Bawul ɗin PCV kuma, mai fitar da iskar da take taruwa a cikin kaskon inji, da aka ciro aka girgiza shi, shiru, ya daskare. Tayar baya ta dama ma burkinta yana ɗan kamawa, Baba ka yi gaskiya.

Na gwada agogon Malama kafin a taɓa komai: daƙiƙa 13. Bayan sabon katalis, matatar iska, PCV, wanke sansar iska da sakin burki: daƙiƙa 9. Hawan nan jiya da giya huɗu na cinye shi, har na yi dariya ni kaɗai a mota. Ban zuba komai a mai ba.

Ɗan Tasi:
Da ni ne da fasa cikin katalis ɗin kawai zan yi in mayar da fanko, kuɗin ya huta.

Mai Wayarin:
Fitila ba za ta ƙara mutuwa ba, warin hayaƙin kuma kai da yaranka za ku fara shaƙa kafin na bayanka, ga shi a ƙasashe da yawa doka ta hana. Ya kyauta da ya sa sabo. P0171 ɗin nan ma a goge a ga ko zai dawo, in ya dawo a nemi inda iska take satar shiga, ko a auna ƙarfin famfon fetur.

Tsohon Bakanike:
Madalla. Amma kada murna ta sa ka manta silinda na uku, don shi ya kashe tsohon katalis, kuma in ka bar shi zai ci sabon ma.

Ga inda zan ba masu kwalba haƙƙinsu, don kada Direba ya ce na ƙi gaskiya. Ringi iri biyu ne yake kasawa. Akwai wanda ya cinye, shi da bangon silinda, wannan ƙarfe ne ya tafi, ya bi mai ya fita shekaru da suka wuce, babu ruwan da zai dawo da shi. Akwai kuma wanda bai cinye ba, datti ne ya ƙone ya manne shi a cikin raminsa, ya kasa buɗewa ya rungumi bango, 'yan ramukan da mai yake komawa ƙasa ta cikinsu su ma sun toshe. Da a ce duka huɗun sun sauka tare, sai in ce tsufa ne. Guda ɗaya ya faɗi ukun suna tsaye da ƙafarsu a kilomita 310,000, ina kyautata zaton mannewa ce, ko da yake karyayyen ringi ma haka yake nunawa. In akwai mai 'yar kyamarar nan da ake zurawa ta ramin fulogi, a leƙa a ga ko bangon ya yi zane.

In bango lafiya, a jiƙa fistan. A zuba ruwan narkar da datti ta ramin fulogi, inji da ɗumi ba zafi ba, a bar shi ya kwana, ana ɗan motsa karanshaf da hannu. Da safe, ka ji ni da kyau, kafin a mayar da fulogi a rufe ramukan da tsumma a murza makulli ruwan ya fito duka. Ruwa ba ya matsuwa. In ka mayar da fulogi da ruwa a ciki, sandar fistan za ta lanƙwashe, ka ga an koma maganar sauke injin da kake gudu. Sannan a juye mai nan take, don rabin ruwan ya gangara kasko.

Direban Dogon Zango:
Ah to! Ashe dai an dawo kan kwalba. Na gode Baba da ka sauko layi.

Tsohon Bakanike:
Ban sauko ba. Tawa tana cire abin da bai kamata ya zauna ba, ta fita. Taka tana zama ta yi kamar ita ce ƙarfen da ya tafi. Ka yi gwajin agogon tukuna ka zo mu yi magana.

Direban Dogon Zango:
Zan yi in na dawo daga wannan lodin. Amma ko agogo ya ce me, ni dai ba na fasa zubawa.

Mai Tsohuwar Mota:
An leƙa da kyamara, bango ba zane, har saƙar gurzar masana'anta ana ɗan gani daga ƙasa. An jiƙa dare biyu. Da aka tayar da ita ta yi hayaƙi fari kamar an kunna bola, minti goma sannan ya washe. Na uku yanzu 146. Bai kamo 'yan'uwansa ba amma silo ya daidaita, sitiyari ya daina rawa a tsaye. Shuɗin hayaƙin safe yana nan kaɗan. Kwalbar da na saya tun farko tana cikin but ban buɗe ba. Baba, in zuba ko in mayar?

Tsohon Bakanike:
Mayar, ka karɓo matatar mai biyu a madadinta. Hayaƙin safen nan sil ɗin bawul ne, mai yana tsiyaya ta nan cikin dare, kuma ana iya sauya su ba tare da an ɗaga kan inji ba in ka sami mai hannu. Juye biyu masu zuwa ka yi su a kilomita 3,000 kowanne. Ka riƙa duba sandar mai a wuri ɗaya mai lebur, da safe kafin ka tayar, ka rubuta lambar kilomita duk ranar da ka ƙara mai da yawan abin da ka ƙara. Bayan juye na biyu a sake auna na uku, da geji ɗaya da aka yi na farko, ka kawo mana lambar.